Daga Yaron Fim Zuwa Babban Jarumi: Me Ya Sa Wannan Tsallaken Ke Gagarar Da Yawa?

Tun ranar 1 ga Janairun 2025 wasu dokoki biyu suka fara aiki a jihar Kaliforniya ta Amurka, inda masana'antar Hollywood take. Gwamna Gavin Newsom ne ya sa musu hannu a Satumbar 2024, kuma cikin waɗanda suka tsaya kusa da shi ranar har da mawaƙiya Demi Lovato, wadda ita kanta tun tana yarinya ta fara fitowa a talabijin. Dokokin sun wajabta ware wa yaran da ake neman kuɗi da fuskarsu a YouTube da TikTok da makamantansu wani kaso a asusun da ba mai taɓawa sai sun cika shekara 18.

Labarin ya bar mutane cikin ruɗani ta fuska biyu. Wasu sun ɗauka wannan ne karon farko da aka kare kuɗin yaran da ke aikin nishaɗantarwa, alhali tsarin ya haura shekara 80 a harkar fim, faɗaɗa shi kawai aka yi zuwa intanet. Wasu kuma sun ɗauka da zarar an tsare kuɗin, matsalar yaran fim ta ƙare. Kuɗi ɓangare ɗaya ne. Babbar gaɓar ita ce abin da ke faruwa da sana'ar yaron a lokacin da ya daina zama yaro.

Wane ne yaron fim?

A dokokin yawancin ƙasashe, duk wanda bai kai shekara 18 ba kuma ake biyansa don ya fito a fim, ko shirin talabijin, ko talla, ko wasan daɓe, yaron fim ne. Shekaru ake dubawa, ba rawar da mutum ya taka ba. Chinedu Ikedieze da Osita Iheme, wato Aki da Pawpaw na finafinan kudancin Najeriya, sun yi suna da fitowa a matsayin yara, amma a lokacin dukansu manya ne a shekaru, don haka ba sa cikin wannan rukuni.

Akwai kuma bambanci tsakanin yaron da ke fitowa jefi-jefi, a ɗan wance ko ƙanen wane, da yaron da fim ɗin gaba ɗaya ya rataya a wuyansa, wanda hotonsa ke kan fosta. Na farkon zai iya barin harkar ba wanda ya lura. Na biyun jama'a sun riga sun haddace fuskarsa a wani takamaiman shekaru, kuma wannan sanin da ya kawo masa arziki shi ne zai zame masa shinge daga baya.

"Tsallakewa" kuwa na nufin mutum ya ci gaba da samun manyan rawa bayan ya girma, har masu shirya fim su riƙa kiransa saboda abin da zai iya yau, ba don tuna baya ba.

Inda dokar ta samo asali

Sunan Jackie Coogan dokar kare kuɗin yaran fim ta Kaliforniya ke ɗauke da shi. An haife shi a 1914, ya yi suna a duniya a 1921 lokacin da ya fito tare da Charlie Chaplin, kuma an ƙiyasta ya tara tsakanin dala miliyan 3 zuwa 4 a ƙuruciyarsa, kuɗin da a wancan zamani ba ƙaramar dukiya ba ce. Mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a 1935, watanni kaɗan kafin Jackie ya cika 21. Da ya nemi dukiyarsa, sai ya tarar mahaifiyarsa da sabon mijinta sun kashe mafi yawa. Ya kai su kotu a 1938, amma dokar Kaliforniya ta lokacin ta ce abin da yaro ya samu na iyayensa ne. Bayan an cire kuɗin shari'a, dala 126,000 ya tsira da ita.

Surutun da shari'ar ta jawo ya sa aka yi doka a 1939. Sai dai ta fito da ɓaraka: kwantiragin da aka kai gaban kotu kaɗai ta shafa, kuma alƙali ke yanke kason da za a ajiye. Shi ya sa bayan shekara 50 aka sake ganin irin wannan rigima. Gary Coleman, wanda ya kasance cikin yaran da suka fi albashi a talabijin ɗin Amurka, ya kai iyayensa da mai ba shi shawara kan kuɗi ƙara a 1989, kotu ta ba shi kusan dala miliyan 1.3 a 1993, amma a 1999 ya bayyana cewa ya karye. Daga shekarar 2000 ne aka gyara dokar: kuɗin ya zama mallakin yaron, kuma dole mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 15 cikin 100 na jimillar abin da zai biya a asusun amana. Jihohi kaɗan, irin su New York da Illinois da Louisiana da New Mexico, suna da kwatankwacin wannan. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 kuwa ta cire yaran fim daga haramcin sa yara aiki, ta bar wa kowace jiha ta tsara nata.

Shekarun da aiki ke ɗaukewa

A nan ne gizo ke saƙar. Dokokin da ke kare yaro a wurin ɗaukar fim su ne kuma suke sa ɗaukarsa aiki ya yi tsada.

A ɗauki yarinya 'yar shekara 12 a Kaliforniya a ranar makaranta. Awa 9 doka ta yarda ta yi a wurin aiki. A ciki, awa 5 ce ta tsayawa gaban kyamara, awa 3 ta karatu ce tare da malamin da kamfani ke biya, awa 1 ta hutu. Dole uwa ko uba ko wani waliyyi ya kasance a kusa. Idan lokacinta ya cika, malamin na da ikon cewa an tashi, ko da darakta bai gama fitowar ba, ko da ma'aikata masu yawa da kayan haya na jira. Ga jarirai ƙa'idar ta fi haka tsauri, shi ya sa ake yawan ɗauko tagwaye su taka rawar mutum ɗaya, kamar yadda aka yi da Mary-Kate da Ashley Olsen tun suna 'yan watanni a 1987.

Idan labari na buƙatar ɗan shekara 8, furodusa ba shi da zaɓi, dole ya ɗauki yaro ya jure waɗannan sharuɗɗa. Amma idan labarin na buƙatar ɗan shekara 16, zai iya samo ɗan 19 ko 22 mai ƙaramar fuska, wanda zai yi aiki har dare, ba malami, ba waliyyi, ba asusun amana. Abin da ya sa 'yan sakandaren da ake gani a finafinan Amurka sau da yawa manya ne ke nan. Sakamakon shi ne, daga kamar shekara 13 zuwa 18, yaron da aka saba kira kullum sai ya ga waya ta yi shiru: ya wuce rawar yara, rawar matasa kuma manya sun ƙwace.

Jiki ma na taka nasa. Murya ta buɗe, tsawo ya ƙaru, kumatu sun zube, ƙuraje sun fito. Abin da aka saya a wurin yaron tun farko, wato ƙuruciyar kanta, ya tafi ba tare da laifinsa ba. Kuma abin da ake nema a wurin yaro daban ne da wanda ake nema a wurin babba. Yaro ana so ya haddace magana, ya bi umarni, ya saki jiki. Babba ana so ya gina hali, ya zaɓi abin da zai yi da kansa. Akwai wanda ya shekara 10 a gaban kyamara amma bai taɓa koyon na biyun ba, domin ba a taɓa buƙatarsa daga gare shi ba.

Sai kuma idon jama'a. Shirley Temple ita ce ta fi kowa jawo kasuwa a sinimomin Amurka shekara huɗu a jere, daga 1935 zuwa 1938, tana ƙasa da shekara 11. Ta ci gaba da fim a 'yanmatancinta, amma 'yan kallo yarinyar suke so, ba budurwar ba. Ta yi ritaya daga fim a 1950 tana da shekara 22. Rayuwarta ta biyu a diflomasiyya ta yi ta, har ta zama jakadiyar Amurka a Gana daga 1974 zuwa 1976.

Hanyoyin da aka bi aka tsallaka

Ba hanya ɗaya ba ce, kuma kowace da haɗarinta.

Wasu sun ja da baya da gangan don jama'a su manta tsohuwar fuskar. Jodie Foster ta shiga takarar Oscar tana da shekara 14, sannan ta rage aiki ta tafi Jami'ar Yale. Ta dawo ta ci kyautar sau biyu, a 1989 da 1992. Natalie Portman ta yi Harvard, Emma Watson ta gama Jami'ar Brown a 2014. Amfanin wannan hanya biyu ne: fuska ta huta, kuma idan fim ya ƙi, akwai takardar shaida a hannu. Haɗarin shi ne masana'antar ba ta jiran kowa.

Wasu sun zaɓi su fasa tsohon hoton da ƙarfi. Daniel Radcliffe an ɗauke shi rawar Harry Potter yana da shekara 11, ya yi finafinai 8 daga 2001 zuwa 2011. Tun kafin a gama, a 2007, ya hau daɓe a Landan a wani wasa mai nauyi wanda har tsiraici ke ciki, yana da shekara 17. Bayan nan ya karkata ga ƙananan finafinai masu baƙon labari da wasan daɓe, har ya ci kyautar Tony ta wasan daɓe a 2024. Abin da ya ba shi wannan 'yanci shi ne dukiyarsa ta tsira, bai buƙaci karɓar kowane aiki don cin abinci ba. Duk da haka shi da bakinsa ya faɗi cewa ya faɗa shaye-shayen giya a ƙarshen waɗancan shekaru saboda nauyin idon jama'a, kafin ya daina a 2010.

Hanya ta uku ita ce girma a gaban 'yan kallo sannu a hankali, kuma a nan talabijin ta fi fim amfani. Shiri mai dogon zango yana ba jama'a dama su saba da sauyin fuska da murya kaɗan-kaɗan. Zendaya ta fara a tashar Disney a 2010, ta riƙa matsawa mataki-mataki, har a 2020 ta ci kyautar talabijin ta Emmy a rukunin babbar jaruma a shirin dirama tana da shekara 24, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa ci a wannan rukuni a lokacin.

Akwai kuma masu komawa bayan kyamara. Ron Howard, wanda ya fara a matsayin yaron fim, ya zama darakta har ya ci Oscar. Labarin Ke Huy Quan ya fi nuna cewa ba iyawa kaɗai ke yanke hukunci ba. Ɗan asalin Biyetnam ne, ya yi suna a manyan finafinai biyu a 1984 da 1985, amma da ya girma sai ya tarar Hollywood ba ta rubuta wa 'yan Asiya manyan rawa. Ya koma tsara faɗa da taimaka wa darakta kusan shekara 20. Da kasuwa ta sauya, ya dawo a 2022, ya ci Oscar a 2023. Mutumin bai canza ba, labaran da ake sa wa kuɗi ne suka canza.

Indiya: gida ya fi doka tasiri

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san jarumai da dama da suka fara tun suna yara, ko da ba su lura ba. Aamir Khan ya fito yana yaro a 1973, ya dawo a matsayin babban jarumi a 1988. Hrithik Roshan ya ɗan fito a 1980, ya dawo a 2000 a fim ɗin da mahaifinsa Rakesh Roshan ya shirya. Alia Bhatt ta fito a 1999, ta dawo a 2012. Abin da ya haɗa su a fili yake: 'ya'yan gidan fim ne. Fitowarsu ta ƙuruciya ba ita ke ciyar da gida ba, sun tafi sun girma a ɓoye, kuma ranar da suka shirya akwai mai buɗe musu ƙofa.

Waɗanda suka rayu da aikin tun suna yara labarinsu ya bambanta. Junior Mehmood, wanda ya rasu a Disambar 2023, ya yi tashe sosai a ƙuruciya, amma da ya girma bai sake samun irin wannan matsayi a Bollywood ba. Kamal Haasan, da ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasa a fim ɗinsa na farko na 1960, sai da ya koma taimaka wa masu koyar da rawa kafin ya dawo gaba a tsakiyar shekarun 1970. Sridevi kuwa ba ta yi shekarun shiru ba ko kaɗan, domin an tsallakar da ita ne kai tsaye: ta fara tana da shekara 4, a 1976 tana da 13 aka ba ta rawar babbar mace, inda a labarin ta auri mahaifin saurayin da jarumi Rajinikanth ya taka rawarsa. Abin da a lokacin aka kira nasara, a yau da yawa za su kira shi sa yarinya aikin da ya fi shekarunta.

Indiya ta gyara dokar aikin yara a 2016, ta fitar da ƙa'idoji a 2017: sai da izinin hukumar gunduma, kada yaro ya wuce awa 5 a rana, kada karatunsa ya tsaya, kuma a ajiye masa aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗinsa a banki har ya balaga a doka.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Masu goyon bayan tsaurara doka na cewa kashi 15 ya yi kaɗan, tunda kashi 85 na hannun manya, kuma yaro ba zai iya tuhumar wanda ke ciyar da shi ba. Suna ƙarawa da cewa babban haɗari shi ne gida ya dogara da albashin yaro, domin daga ranar ba zai iya cewa ya gaji ba. Misalin da suke kawowa shi ne Macaulay Culkin, wanda ya bar fim a 1994 yana da shekara 14, daga baya kuma aka cire hannun iyayensa daga kula da dukiyarsa yayin da suke rigimar riƙon 'ya'ya.

Iyaye da wakilansu na da tasu hujjar. Doka ta ce waliyyi ya zauna a wurin aiki, ke nan ɗaya daga cikin iyayen ya ajiye nasa aikin. Daga kuɗin ne ake biyan wakili da manaja da haraji da sufuri da masauki. Yawancin yaran kuma ba taurari ba ne, talla ɗaya ko biyu suke yi a shekara. Idan aka kulle kaso mai yawa, in ji su, 'ya'yan masu hali kaɗai za su iya shiga harkar.

Kan batun lalacewar yaran fim ma ba a haɗu ba. Wasu na ganin suna da kuɗi a ƙuruciya su ne ke jefa yaro cikin shaye-shaye, suna nuni da Drew Barrymore da aka kai gidan gyaran hali tana da shekara 13. Wasu na cewa ana ganin waɗanda suka faɗi ne da waɗanda suka yi fice, saboda su ke shiga labarai, amma mafi yawa sun bar harkar salin-alin sun kama wasu sana'o'i. Wannan hujja ta biyu tana da ƙarfi, domin ba kowane barin fim ne faɗuwa ba. Ita Barrymore ɗin ma ta dawo ta zama furodusa da mai gabatar da shiri.

Batun da ya fi zafi shi ne na 'yan mata. Hanyar "fasa tsohon hoto" sau da yawa tana nufin a ba yarinya rawar da ke nuna jiki don a sanar cewa ta girma. Wasu na kallon hakan a matsayin zaɓin babbar mace, wasu na ganin kasuwa ce ta rage mata zaɓi har ya zama kamar dole. Dokar asusun amana ba ta ce komai a kan wannan ba.

Abin da ya shafi masu kallo da iyaye a nan gida

Kannywood na da nata misalin tsallakewa. Maryam Booth ta fara fim tun tana yarinya, mahaifiyarta marigayiya Zainab Booth jaruma ce, kuma a 2020 ta ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a rukunin mataimakiyar jaruma. Ita ma, kamar takwarorinta na Indiya, a cikin gidan harkar ta tashi. Ga 'yan mata a masana'antar Hausa akwai ƙarin gaɓa da Hollywood ba ta da ita: al'adar barin fim da zarar an yi aure, wadda ke sa shekarun sana'ar su gajarta ta baya kamar yadda ƙuruciya ke gajarta su ta gaba.

Ta fuskar doka, Najeriya na da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023, kuma Hukumar Tace Finafinai ta jihar na aiki tun 2001. Waɗannan sun fi karkata ga kare yaro gaba ɗaya da tace abin da ke fita ga jama'a. Batun biyan kuɗi kuwa ko ga manya bai daidaita ba, kamar yadda muhawarar 2022 ta nuna, lokacin da Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai ake sallamarta da su, wasu masu shirya fim kuma suka musanta. Inda sallamar dattijuwar da ta shekara da shekaru a harkar ke jawo gardama, ta yaron da kawunsa ya kawo lokeshin, aka miƙa wa kawun kuɗin a hannu, ba takarda ba shaida, ta fi sauƙin ɓacewa.

Komawar masana'antar zuwa shirye-shirye masu dogon zango a Arewa24 da YouTube ta sauya lissafin ta fuska biyu. Yaron da ya shiga irin wannan shiri zai iya girma a idon jama'a, wanda ke sauƙaƙa masa tsallakewa. Amma aikin na ɗaukar watanni, kuma makaranta ce ta farko da ke shan wahala, boko ko islamiyya.

Sabbin dokokin Kaliforniya sun fi kusa da gidajen talakawa fiye da yadda ake zato, domin sun shafi yaron da ba kamfani ya ɗauke shi ba, iyayensa ne ko yayansa ke ɗaukarsa da waya. Ɗaya daga cikinsu ta ce idan yaro ya fito a aƙalla kashi 30 cikin 100 na bidiyoyin da ake samun kuɗi da su, a ajiye masa kashi 65 cikin 100 na rabon da ya dace da fitowarsa. Illinois ta riga ta fara irin wannan a Yulin 2024, Faransa kuwa ta kafa tata dokar tun 2020. Dokokin ba sa aiki a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, amma yanayin da suka zo gyarawa yana nan: yara masu barkwanci ko waƙa ko karatu da shafukansu ke kawo kuɗin talla, shafin kuma da lambar banki suna da sunan wani babba. Irin wannan yaro ba shi da malamin da zai ce lokaci ya cika, mai ɗaukarsa aiki shi ne waliyyinsa, kuma bidiyon da aka ɗora yana da shekara 7 zai ci gaba da yawo a lokacin da yake neman aiki ko aure. Dokar Faransa ta taɓo wannan na ƙarshe, inda ta ba yaro damar neman a goge bidiyonsa ba sai da amincewar iyayensa ba.